Auren da Aka Ɗaura a Kangon Gidan Gurza

Kwanan baya ma'aikata suka sauke tsohon tankin ruwan gidan gurza, wai tsatsa ta cinye ƙafafunsa, kada ya faɗo wa mutane. Ina zaune a bencina na ƙofar tasha ina kallo har suka gama yanka shi gunduwa-gunduwa suka loda a mota. Suna da gaskiya, ya tsufa. Amma shi kaɗai ya rage yadda yake a cikin abin da na buɗi ido na gani a wurin nan, kuma da motar ta fice sai na ji jikina ya yi sanyi kamar an yi mini rasuwa. Wani matashin direba ya ce da ni, "Baba Ciyaman, ai gara da aka cire shi, wurin zai ci shago biyu." Na ce haka ne. Shi tasha ya sani, da layin masu kayan gyaran mota, da rumfunan abinci, da masallaci. In ka ce masa akwai lokacin da direba mai gemu ya gwammace ya wuni a cunkoso da ya shigo da motarsa nan, dariya zai yi maka. To ni na ga lokacin. Kuma auren 'yata ta fari na ɗora a kai kafin wurin nan ya zama abin da ya zama.

Muna yara nan ne ƙarshen Daura. Daga nan sai gonaki. Gidan gurzar auduga ne a tsakiya, sitocin gyaɗa a jere ta gabas, can baya kuma rumfar da ake shanya fatu, wadda warinta ke gaya maka ka iso ko da idonka a rufe yake. Da safe jiniya za ta yi kuka, duk garin ya ji. Uwata ba ta taɓa mallakar agogo ba, da jiniyar nan take ɗora tukunya, da ita take sauke ta. Lokacin kaka kuwa, kai, sai wanda ya gani. Jakuna da mangala cike da auduga tun daga ƙauyukan Mashi, raƙuma daga hayin iyaka suna gurnani, mata masu fura da masu ƙosai sun kewaye ƙofa, injin a ciki yana ruri har ƙasa tana motsi a tafin ƙafarka. Babanmu ɗinkin buhu yake yi a babbar rumfa, da basilla da zare. Aikina na farko a duniya shi ne kai masa abincin rana, daga baya aka ba ni tsintsiya ina share angurya. In na koma gida kaina fari fat da auduga, uwata ta kama ni tana tsincewa tana cewa ga tsohonta ya dawo. Yaran yanzu in an ce su share ƙofar gida sai sun kumbura baki. Mu a lokacin in aka hana ka tsintsiyar nan kuka za ka yi, don ita ce shaidar ka fara zama mutum.

Baba mutum ne mai sanyi, amma abu ɗaya ke ɓata masa rai, wato a tare hanya. In ya ga manomi ya ɗaure jaki a bakin ƙofa, zai ajiye basilla ya fito. "Bawan Allah, janye jakin nan, wani zai wuce." Ko dutse ya gani a hanya sai ya sunkuya ya kawar. Kuma wurin kansa haka aka tsara shi: ƙofar shiga daban, ƙofar fita daban, ga hanya ta bayan gari da manyan motoci ke bi su ɗauki dilolin auduga su nufi Kano ba tare da sun shiga cikin gari ba. Motocin garin ma nawa ne? Daga jin ƙara kake sanin ta wane ce. Akuya takan kwanta a tsakiyar titi ta yi barcinta ta tashi ba wanda ya dame ta.

Ban san ranar da abin ya fara lalacewa ba, a hankali ya zo. Manoma suka rage auduga, gyaɗa ta yi ƙasa, aka riƙa sallamar mutane. Wata safiya dai jiniya ba ta yi kuka ba, kuma ba ta sake ba. Baba ya koma gona. Iska ta kwashe kwanon wasu sitocin, ciyawa ta rufe filin, mujiyoyi suka tare a babbar rumfa. Daga nan magana ta fara. Wannan ya ce ya ji injin yana aiki da tsakar rana alhali ba kowa a ciki, wancan ya ce ya ga farar mata a kan tanki. Mashaya da 'yan caca suka ga wurin da kowa ke gudu, suka mai da shi nasu. Da Shari'a ta zo 'yan agaji suka fatattake su, aka ƙone tabarmin cacar, amma sunan bai wanku ba. Sai ya zama wurin yana da laifi biyu a bakin mutane, gidan aljanu kuma tsohuwar mashaya. Malamai suna ta wa'azi a kan camfi, mutane suna ta gyaɗa kai, amma mace in za ta wuce ta wajen sai ta ja mayafi ta ƙara sauri.

Ni kuwa a lokacin na daɗe da zama ɗan kamasho, har direbobi sun ɗora mini shugabanci suna kirana Ciyaman. Tasharmu ba tasha ba ce, bakin titi ne kawai kusa da kasuwa. Motocin Katsina a nan suke lodi, na Kano a nan, na Mai'adua a nan. Ga 'yan acaɓa da suka cika gari kamar fari, ga makanikai suna kwance inji a gefen kwalta don a nan masu kayan gyara suke, ga tirelolin shanu da za su kudu. Ranar kasuwa in ka shiga titin nan da hantsi, to ka yi sallar azahar a inda kake. Mun saba, har muna raha da abin. Ranar da rahar ta fita daga bakina ita ce ranar da Baba ya rasu. Ranar kasuwa ce. Muka ɗauko shi za mu maƙabarta, muka iso titin nan, babu inda za a sa ƙafa. Direbobi suna so su ba da hanya, amma ina za su matsa? Sai da muka ɗaga makara sama da kawunanmu, muna miƙa ta hannu zuwa hannu a tsakanin motoci, hayaƙi yana bugunta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kawar da dutse daga hanya. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Ba a daɗe ba hukuma ta kawo shawarar da ta yi mini daidai. Aka ce a kwashe tasha da duk abin da ke rataye da ita a mayar tsohon gidan gurza. Kuma sun yi aiki, ba zan ci hakkinsu ba. Aka nome ciyawa, aka buɗe ƙofofin nan biyu, aka rufa wa sitoci sabon kwano aka yanka su shaguna, aka haƙa rijiyar burtsatse, aka gina ɗan masallaci. Sai dai ba wanda ya je. A kore mu daga titi da safe, kafin la'asar mun dawo. Na tara direbobi na yi magana har muryata ta dushe. Wani ya ce, "Ciyaman, mu ba tsoro muke ji ba, fasinja ne ba za su zo ba." Na ce, "Kai da kake ratsa dajin kudu da shanu, kangon da na yi wasa a ciki ne ya gagare ka?" Aka yi dariya, aka watse, ba abin da ya canza. Fasinja kuma in ka tambaye su sai su ce me za su je yi inda babu mota. Na je wurin Obi, wani Ibo mai sayar da kayan gyara, wanda ya zo Daura tun yana saurayi har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya ce, "Ciyaman, ni ba ruwana da aljani. Inda mota take nan nake. Ka kai motoci, gobe ka gan ni." Kowa dai yana jiran wani ya fara shiga.

A cikin haka ne aka sa ranar auren 'yata. Ita ce ta fari, don haka ba na faɗin sunanta, kuma ba zan fara yau ba. Malamar makaranta ce a lokacin, ita ta kawo wanda take so, yaron kirki ɗan Mai'adua, danginsa fataken shanu ne. Ina zaune ina lissafin mutanen da za su zo, da inda za a kafa rumfa, sai na ga ai mu ma titin unguwa za mu toshe kamar yadda kowa ke yi. Nan tunanin ya faɗo mini. A ƙasarmu mutum zai iya ƙin umarnin hukuma, zai iya ƙin wa'azi, amma ba ya ƙin ɗaurin auren 'yar wanda suke cin abinci tare. In bai zo ba, da wane ido zai dube ka gobe? Duk direban da ke garin nan na je sunan ɗansa ko jana'izar uwarsa. In na ce a gidan gurza za a ɗaura, kuma ranar kasuwa, dole su zo, kuma da motocinsu za su zo.

Da na gaya wa uwar yaran, sai ta ajiye kwanon da ke hannunta ta dube ni. Ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa? 'Yar tawa za a ɗaura wa aure a kango? A inda aka sha giya?" Na ce an share wurin, har masallaci akwai. Ta ce, "Masallacin da ba a taɓa kiran salla a ciki ba. In mutane suka ƙi zuwa fa? In dangin miji suka ce ba su yarda ba fa? Kai za ka koma bakin titinka, ita kuwa har ta mutu ana nuna ta, ga wadda aka fasa aurenta a gidan aljanu." Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Na tafi wurin yayana, Yaya Idi, tunda shi ne waliyyi, shi zai ba da aure, kuma bisa al'ada a ƙofar gidansa ya kamata a ɗaura. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Shi ma yana cikin waɗanda suka ɗaga makarar Baba a titin nan. Ya ce, "Na gane abin da ke cin ranka. Amma aure ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Je ka tambayi yarinyar da bakinka. In ta ce a'a, kada in sake jin maganar."

Wannan ya fi komai yi mini nauyi. Mutanen yanzu ba za su gane ba, don na ga uba yana zaune da 'yarsa ta fari suna kallon waya ɗaya suna dariya. Mu ba haka muka taso ba. Tun da aka haife ta ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa da aike. Na yi ta kewaya gidan kamar baƙo kafin na sa a kira ta zaure. Ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Ni ma bango nake kallo. Na faɗa mata komai, ban rage ba, har abin da uwarta ta ce na maimaita mata. Na ce, "Ke, in ranki bai so ba, ki faɗa, wallahi ba zan riƙe ki da komai ba." Can ta ce, "Baba, wace rumfa ce Kaka yake ɗinki a ciki?" Na ce babbar, ta kusa da tanki. Ta ce, "To a ɗaura a nan." Ta tashi ta shige gida.

Saura dangin miji. Na shirya na tafi Mai'adua da kaina wurin baffan yaron, Alhaji Mamman, wanda shi zai karɓi aure. Dattijo ne mai faɗin kafaɗa, mai tireloli, ba ya gaggawar magana. Ya sa aka kawo fura, muka sha, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Ciyaman, mun nemi aure a gidan mutunci, kuma a ƙofar gida muka san ana ɗaura aure. Wurin nan da kake faɗa, har nan Mai'adua mun ji labarinsa." Na ce, "Alhaji, motocinka nawa suke wuni a titin nan da shanu a ciki suna galabaita?" Ya ce, "Wannan maganar kasuwa ce, ba ta aure ba." Na ce yarinyar da kanta ta yarda. Ya ɗago ya dube ni, sannan ya ce za su yi shawara. Har na hau mota bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na dawo Daura da wannan a cikina, ban gaya wa kowa a gida ba sai Yaya Idi.

Kafin ranar, gari ya ɗauka. A majalisa ana cewa shugabanci ya hau wa Ciyaman kai, wasu suka ce hukuma ce ta saye ni. Mata suna zuwa wurin uwar yaran kamar masu zuwa jaje. Ita kuwa ta daina yi mini magana sai abin da ya zama dole, tuwo ma ajiyewa take ta juya. Ni da 'yan kamashona muka shiga babbar rumfa da tsintsiya, muka kore mujiyoyi, muka wanke daɓen, muka yayyafa ruwa a fili. Ina shara ina ganin inda Baba yake zama, har ƙusar da yake rataye zare tana nan a jikin ginshiƙi. Muka yi aron tabarmi daga masallatai uku na unguwa, aka sayo goro da dabino da alewa. Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya da goron gayyata a hannuna, ban aiki kowa ba. Kowanne ya karɓa ya ce Allah ya kai mu, amma ba wanda ya haɗa ido da ni.

Ranar ta zo. Tun da hantsi muna zaune ni da Yaya Idi da 'yan uwa a kan tabarmi, fili fetal a gabanmu. Mutane suka fara zuwa, sai dai a waje suke tsayawa. Motoci suka jeru a bakin katanga, direbobi da manyan riguna sun yi cirko-cirko a ƙofa, kowa yana gaisawa da na kusa da shi kamar gaisuwar ce ta kawo shi. Ina hango su, suna hango ni. Liman ya iso da sandarsa, ya ratsa su ya shigo a ƙasa, ya ce a kira salla a masallacin nan in lokaci ya yi. Wasu dattawa suka biyo shi. Sai ga Obi a tsohuwar motarsa, ya sha babbar riga da hula, ya danna ham ya shigo har tsakiyar fili ya faka. Ya fito ya waiwaya ƙofa ya ce, "Ku wa kuke jira? Auren 'yar Ciyaman ne fa." Ban san ko kunya ce ta kama su ba, ko dama neman wanda zai fara suke. Na dai ji an tada mota ɗaya, sai ta biyu. Kafin a jima motoci suna shigowa ta ƙofar shiga a jere, yarana suna nuna musu wuri, na Katsina nan, na Kano can, 'yan acaɓa a gindin tanki. Filin ya haɗiye su duka, har da saura.

Amma dangin ango shiru. Lokacin da aka sa ya yi, ya wuce. Rana ta take, aka fara fifita da hula, maganganu suka koma ƙasa-ƙasa. Sanƙira ya zo ya raɗa mini ko a fara raba goro don a riƙe mutane, na ce a raba. Yaya Idi bai dube ni ba ko sau ɗaya, carbinsa kawai yake ja. A nan ne tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba. Na cika fili da mutane, na tara duk garin, don su zama shaidar an ƙi 'yata. Na tuna tana can gidan ƙawarta da lalle a hannu tana jiran a aiko. Na ce a raina, ya Allah, in akwai abin kunya a yau, ka sauke shi a kaina ni kaɗai.

Ana cikin kiran azahar, kiran farko da aka taɓa yi a masallacin, sai muka ji ƙarar babbar mota ta hanyar bayan gari. Tirelar shanu ce fanko ta shigo, samarin Mai'adua cike a bayanta, ƙananan motoci suna biye. Alhaji Mamman ya fito daga ta gaba yana gyara rawani. Na tare shi. Ya riƙe hannuna ya ja ni gefe ya ce, "Ciyaman, ba zan ɓoye maka ba. Tun ɗazu muna bayan gari a gindin bishiya. Ni ɗan kasuwa ne, ba na sauke kaya a kasuwar da ba ta ci ba. Na aika a leƙo mini, in ba kowa mu juya. Aka dawo aka ce mini duk motocin garin suna ciki." Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Kuma yarinyar da ta yarda da wannan, ba zan bar wani gida ya ɗauke ta ba." Aka yi salla, aka zauna a babbar rumfa, Alhaji Mamman ya nemi aure, Yaya Idi ya bayar, aka shafa fatiha. Da sanƙira ya ɗaga murya ya ce aure ya ɗauru, na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Abin da ban shirya ba shi ne fasinja. Ranar kasuwa ce, mutane sun gama cinikinsu sun fito titi ba mota ko ɗaya, aka ce musu ai duk suna gidan gurza. Sai ga su da buhuna da awaki da kwanuka, har da matan da ke jan mayafi in za su wuce wurin. Direbobi da manyan rigunansu suka hau lodi a nan take. Wani ɗan acaɓa ya shigo yana cewa a je a ga titi, daga bakin kasuwa ana hango ƙarshensa. Ba zan ce daga ranar komai ya daidaita ba. Washegari wasu sun koma bakin titi, an sha rigima, an sha fushi da ni. Amma an riga an shiga, an ci goro a ciki, an yi salla, ba wanda aljani ya mara. Obi ya cika alkawari, a makon ya kwaso kayansa, makanikai suka biyo shi, masu abinci suka biyo makanikai. Yau ga kemis, ga masu ɗinki, ga masu cajin waya, har gidaje sun kewaye wurin, wanda ke unguwar ba ya bukatar shiga cikin gari sai don zumunci. In na ga mai ciki ko marar lafiya an wuce da shi asibiti ta titin nan ba tsayawa, ina jin daɗi, kuma ba na ɓoyewa.

Ranar dai, bayan la'asar, aka dawo da amarya gida don a yi mata faɗa kafin a kai ta. Uwarta ce ta leƙo zaure da kanta, karo na farko a kwanakin nan da ta yi mini magana da fuska a sake, ta ce, "Malam, ga 'yarka." Ta shigo lulluɓe, ta durƙusa a inda ta durƙusa wancan karon. Na yi niyyar in yi mata nasiha irin wadda iyaye ke yi, haƙuri da biyayya da riƙon salla, amma da na buɗe baki wani abu daban ya fito. Na ce, "Ke, ashe kin san za su zo."

Ta girgiza kai a cikin mayafi. Ta ce, "Ban sani ba, Baba. Tun ranar da ka tambaye ni ban yi barcin kirki ba. Yau ma da aka ce ba su iso ba, sai da na amayar da abin da na ci."

Na ce, "To me ya sa kika yarda?"

Ta ɗan ɗago kai. Sannan ta ce, "Tunda nake ba ka taɓa neman komai a wurina ba. Na ga in na ce a'a, kai kaɗai za ka tsaya a wurin nan. Na ce gara mu zama mu biyu."

Nasihar da ban yi ba ke nan. Na sa mata albarka da muryar da ni kaina ban gane ta ba, mata suka shigo suka tafi da ita, na zauna a zauren har aka kira magariba.